Kujerar Bakin Hanya

Shekara biyu ke nan da Loretta ta ba mijinta Wendell ƙodarta ɗaya. Tun daga lokacin yake shan magungunan da ke kwantar da garkuwar jiki don kada jikinsa ya ƙi baƙuwar ƙodar, shi ya sa ko mura ba abin wasa ba ce a gidansu. Da 'yarsu Corinne ta haihu a birnin Tucson na Amurka, sai da suka yi ta kai-komo wurin likita kafin ya yarda su hau jirgi daga garinsu Grand Rapids. Ya ce kada takunkumi ya bar fuskar Wendell, kuma su bari kowa ya shiga ya zauna kafin su shiga.

Wendell tsohon direban motar 'yan makaranta ne, mai baki kamar reza, ga ciwon ƙugu da ya hana shi doguwar tafiya. Don haka a filin jirgi aka ɗora shi a keken guragu, wata ma'aikaciya tana tura shi. Suna isa ƙofar shiga ta wuce da shi gaban layi.

Loretta ta tare ta. "Yi haƙuri 'yata, mu a ƙarshe za mu shiga. Likita ne ya ce."

"Madam, masu keke su ake fara shigarwa. Akwai wata tsohuwa can tana jirana a wata ƙofar. In na tafi, babu mai tura shi."

"To a kira wani mana."

"Wa za a kira? Mu biyu ne yau a duk ɓangaren nan."

Wendell ya ja hannun rigar matarsa. "Ke dai Loretta, bar yarinya ta yi aikinta. Tun da uwata ta haife ni ba a taɓa sa ni gaban layi ba, yau ɗaya kina min baƙin ciki?"

Ma'aikaciyar ta yi dariya. Loretta ba ta yi ba, amma ta matsa.

Kujerunsu na gaba-gaba ne. Ita ta shige jikin taga, shi ya zauna bakin hanya don ya samu miƙe ƙafar da ke damunsa. Jirgin shiru, injin bai tashi ba, iskar da ke fitowa daga sama ba ta fi hucin baki ba. Sai aka buɗe wa jama'a. Aka fara da mutanen gaba, waɗanda suka tsaya cusa kaya a ma'ajiyar sama, na baya suka taru a kansu. Can ciki akwatin wani ya ƙi shiga, layi ya tsaya cak.

Wanda tsayuwar ta kama daidai kan Wendell wani magidanci ne mai jar fuska, idanunsa na ruwa, gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Ya yi tari a gwiwar hannu. Ya sake yi, wannan karon bai kai ga tarewa ba, don hannayensa biyu na riƙe da jaka.

"Afuwan, Baba," in ji shi. "Sauyin yanayi ne kawai."

"Ba komai, ɗana," in ji Wendell.

A nan Loretta ta lura takunkumin Wendell yana ƙarƙashin haɓarsa. Ya sauke ne don ya haɗiyi maganinsa, zafi kuma ya sa ya manta. Ta finciko shi ta mayar masa. Ta so su yi musayar wuri, amma ina zai tsaya? Tumbin mutumin na gogar kafaɗarsa. Ta ɗaga hannu ta kira ma'aikaciyar jirgi, ta roƙa a ƙara iska. Daga bayan kawunan mutane matar ta amsa cewa sai an tada inji. Haka suka zauna, mutumin na tari yana ba da haƙuri, har layi ya motsa. Sauran fasinjojin duka suka bi ta gefen Wendell ɗaya bayan ɗaya, kowa da numfashinsa.

A Tucson Wendell ya ɗauki jikarsa, ya ce hancin nasa ne, Allah ya taimaki yarinya. Sun yi kwanaki kaɗan masu daɗi. Ranar da ya ƙi cin ƙwai da safe ya ce sanyi yake ji, alhali rana na dukan taga, Loretta ta taɓa goshinsa, ta ji shi zau kamar wuta.

A asibiti aka ce mura ce mai tsanani, ta sauka huhu. Likitar, wata doguwar mace mai suna Dakta Begay, ta zaunar da Loretta ta yi mata bayani dalla-dalla. In aka ci gaba da ba shi maganin kare ƙoda, huhun zai kashe shi. In aka rage, jikinsa zai samu ƙarfin yaƙar cutar, amma yana iya juyawa kan ƙodar.

"A jirgi ya ɗauka, ko?" in ji Loretta.

"Mai yiwuwa ne. Ba wanda zai iya rantse miki."

Aka rage maganin. Wendell ya rayu. Ƙodar ce ba ta rayu ba.

Corinne ta ce a gwada ta ko za ta ba shi tata ƙodar, aka ce mai ciwon sukari ba ta bayarwa. Batun jiran wata ƙodar kuma, Dakta Begay ta ce zuciyarsa ta yi raunin da ba za ta ɗauki wata tiyata ba. Ta faɗa a hankali, amma ba ta ce "tukuna" ba. Aka mai da shi kan injin wankin ƙoda, abin da ya taɓa rantsuwa gara ya mutu da ya koma kansa. Komawa gida ma ta gagara, batun jirgi dai Wendell ya ce ko gawarsa kada a ɗora a kai, mota kuma tafiyar ta fi ƙarfinsa. Suka tare a ɗakin baƙi na Corinne.

Wata ranar wankin ƙoda, Loretta na tuƙa shi zuwa asibiti, ya daɗe yana kallon duwatsun hamada ta gilashi. Ya rame, wuyansa kamar na ɗan tsako.

"Na yi miki asarar kayanki, tsohuwa," in ji shi.

"Rufe min baki."

"Da gaske nake. Da kin bar abinki a cikinki."

 Ta riƙe sitiyari da hannu biyu.

Da suka tsaya a bakin asibitin bai yi yunƙurin fita ba. Ya ce ta kira maƙwabcinsu Arlo, wanda suka bar wa karensu da niyyar mako biyu, ta gaya masa ya riƙe karen ya zama nasa, ba za su koma gida ba. Ta ce ba yanzu ba. Ya ce yanzu. Ta raka shi ciki, ta ga an soka masa allurai, jininsa ya fara zagayawa ta cikin robar injin. Sannan ta fito ta zauna cikin motar da ta ɗauki zafi, ta kira Arlo ta gaya masa.