Gwangwani Mai Tsumma

Babanmu malamin daji ne, shekara talatin da huɗu. Kayan aikinsa gwangwanin fenti biyu ne da burushi. Bishiyar da ya shafa wa ja, masu katako su sare. Wadda ya zagaye da fari, ko reshenta ba mai taɓawa. Masu farin su ne manyan maɗatai da ke zubar da iri, kuma kullum yana cewa ranar da babu su, dajin ya ƙare. "Yayyenku" yake kiransu. Muna yara, in ya kai mu dajin, sai mun gaishe su ɗaya bayan ɗaya kafin ya bari mu zauna. Mama ta ce ita dai ta yi aure ta samu dangin miji masu ganye.

Shekararsa ta ƙarshe kafin ritaya, yanar ido ta rufe masa gani. Ya ƙi faɗa wa ofis, don ya san suna ji za su turo wani ya yi alamar, wanda bai san uwa ba balle 'ya. Taurin kai kam, Allah ya hore masa. Bishiyoyin da tafin hannu yake gane su, launi ne kawai ya gagare shi. Sai Mama ta ɗaura tsumma a hannun gwangwanin farin, ya riƙa lalubawa.

Ana gobe zai shiga alamar ƙarshe, fenti ya ƙare. Ni ya aika. Mai shago ya zuba min a gwangwanaye iri ɗaya, babu rubutu.

"'Yar Baba, mayar min da tsumman kan sabon farin," in ji Baba da na dawo gida.

Ina sauri kada motar komawa wurin aikina ta tafi ta bar ni. Na kwance shi daga tsohon, na ɗaura a ɗaya daga cikin sababbin, ban buɗe murfi ba.

Kwana tara ya yi a dajin yana shafa fenti, shi kaɗai. Bayan wata biyu ya kwanta ciwo, bai tashi ba. Ina riƙe da hannunsa ya ce, "Na zagaye su duka, arba'in da ɗaya. Ko na tafi ba mai taɓa su." Ban taɓa ganin hankalinsa a kwance haka ba.

Da aka kwana biyu, shugaban masu katako ya zo gaisuwa. A ƙofar gida na tarbe shi.

"'Yar malam, gaskiya mun yi mamaki da muka ga ja a jikin manyan nan," ya ce. "Mutanena suka ce a tambayi ofis. Na ce a tambayi wa? Shekara talatin hannun malam bai taɓa kuskure ba."

"Kun sare su?"

"Jiya muka gama. Amma karkatattun da ya sa wa fari, duk mun bar masa abinsa."

Na wuce ɗakin kayan aikin Baba. Takalminsa na daji yana nan bakin ƙofa, da busasshiyar laka. Na sa cokali na ɓalle murfin gwangwani mai tsumma. Ja ne. Ƙullin kuma nawa ne, na san yadda nake ƙulli. Ban taɓa tsanar wani abu kamar yadda na tsani hannuna a lokacin ba.

Mama ta ɗaga murya daga ɗaki. "Me ya zo faɗa?"

"Ya ce duk abin da Baba ya sa wa fari, sun bar shi."

"Alhamdulillahi," ta ce. "Ranar Asabar ki kai ni dajin in gaida yayyenku."