Benen Kwalli

Tun da Mama ta rasu, kyanwarta Kwalli ta daina kula kowa. Ta rame, ta koma kan tsohuwar kujerar Mama da ke falo ta lafe, ko kifi aka miƙa mata sai ta shinshina ta kau da kai. Yayata ta zo ta gan ta, ta ce ƙarshen wata za ta ɗauke ta zuwa gidanta, yara su ɗebe mata kewa.

Ni autar Baba da nake zaune da shi na san maganar ta taɓa shi. Mutumin da a da yake korar kyanwar nan da tsintsiya, yanzu ita yake fara nema da ido in ya shigo.

"Rashin wuri ne ke damun ta, Auta," ya ce mini da safe. "In na yi mata gida nata na kanta, ba inda za ta."

Baba dai tela ne, bai taɓa riƙe guduma ba sai in zai rataya kalanda. Ya ɗauko tef ɗinsa ya bi Kwalli yana awo: wuya, kafaɗa, tsawon baya. In ta miƙe ta yi tsawo, in ta naɗe ta koma ɗan curi.

"To wanne zan ɗauka?" ya tambaye ni, tef a wuya. "Ban taɓa ganin kwastoma mai awo biyu ba."

Na dawo daga aiki na tarar falo wayam.

"Baba, ina kujerar Mama?"

"Ga ta nan." Ya nuna mini tarin katako. "Ai da ita ta saba. Zan dai gyara mata ita ne."

Raina ya ɓaci ƙwarai, amma na haɗiye, don rabon da in ga Baba yana zumuɗin wani abu tun kafin jinyar Mama.

Aiki ya kankama. Kowane katako sai ya bar masa rara a gefe, irin wadda ake bari in za a haɗa riga, shi ya sa babu biyun da suka yarda su haɗu. Ya buge yatsa, ya zagi ƙusa, ya zagi wanda ya ƙera ta. A ƙarshe dai abu ya tsaya a karkace: bene hawa uku, da tsani, da labule. Ya goge shi tas, ya shafa fenti, ya lulluɓe shi da sabon yadi mai karin guga. A gefe har da aljihu.

"Aljihun na mene ne, Baba?"

Ya daɗe yana kallon sa. "Wallahi ni ma ban sani ba. Hannuna ne ya saba."

Kwalli ta zo ta shinshina, ta yi atishawa, ta wuce inda kujerar take a da, tana zagaya wurin tana kuka. Baba ya matsar da benen bakin taga. Ya cire labulen, ya mayar. Ya ajiye kifi a hawa na uku. Har durƙusawa ya yi ya cusa kansa a ƙofar don ya nuna mata yadda ake shiga, ita kuwa ta zuba masa ido kamar yadda ni ma na zuba.

"Me na rage?" yake ta tambaya. "Awo daidai, katako nata, yadi sabo. Me kuma take so?"

Ni ma kaina a ɗaure yake.

Ranar da Yaya ta zo da kwandon ɗaukar ta, aka nemi Kwalli aka rasa. Mun duba ƙarƙashin gado, mun duba bayan firij. Can sai Yaya ta kira mu bayan gida, wurin tarkacen da za a zubar. Ga Kwalli a naɗe kan koɗaɗɗen ƙyallen da Baba ya yage daga jikin kujerar, tana barcin da ta daɗe ba ta yi irinsa ba.

Baba ya sunkuya ya kama gefen ƙyallen ya kai hancinsa. Daga inda nake tsaye ma na ji: man da Mama take shafawa, da ɗan turarenta.

Sai ya zauna daɓas a ƙasa.

"Ashe ba katakon ba ne," ya ce a hankali. "Da hannuna na kankare ta, na bi da fenti."

Ya janyo ƙyallen ya shimfiɗa a cinyarsa. Kwalli ta tashi, ta dube shi, ta hau ta kwanta. Yaya ta kife kwandon ta zauna a kai.

"Baba," ta ce, "ko za ka ɗan yanko mini gefe in tafi da shi?"

Baba ya girgiza kai.

"Ba zan ƙara yanka komai ba. Matso kusa. Ke ma Auta, matso."