Ruwan Asabar a Kwarin Lambara

Malam Sodangi bai yarda da kowa ba, kuma shi a ganinsa abin da ya sa ya iya aiki ke nan. Ko gaishe shi ka yi da fara'a sai ya tsaya yana tunanin abin da kake nema a wurinsa. Malamin hanya ne a Bodinga zamanin Turawa, shi ke riƙe da takardun hanyar mota tun daga nan har Shagari.

A daminar 1954 Baturen injiniya ya aiko daga Sakkwato cewa ƙorafin direbobi ya ishe shi. Za a gina kwalbati guda ɗaya tak, yana son a duba takardun damina biyar a gaya masa inda ruwa ya fi yanke hanya. Takardun kuwa iri biyu ne. Akwai littafin awon ruwan sama, wanda ake cikawa kullum safe daga wani gwangwani da aka kafa a Bodinga da wani a Shagari. Akwai kuma takardun helmomi, wato shugabannin leburori. Kowane helma yana da gora da yake gittawa a hanya in ruwa ya hau ta, sannan ya rubuta rana da zurfin ruwan.

Kwana huɗu Sodangi ya yi a zaure da takardu baje a tabarma. Ya ja layi bakwai a ƙasa, kowane layi rana guda ta mako, ya sa aka miƙo masa ƙwaryar wake daga cikin gida. Duk ranar da aka rufe hanya sai ya ajiye ƙwaya ɗaya a layinta. Na wajen Dingyadi ya watsu yadda ya kamata, Litinin uku, Laraba biyar, Lahadi huɗu, don ruwan sama bai san ranakun mako ba. Da ya zo kan kwarin da ke wajen Lambara, yankin helma Tukur, sai wake ya taru tsibi a layi ɗaya. Rufewa talatin da takwas, ashirin da huɗu duk Asabar. Ya jawo littafin awon ruwa ya gwada. A cikin ashirin da huɗun nan, sha tara ko ɗigo ba a yi ba, a ranar ko a jajibirinta, a Bodinga ko a Shagari.

Ya share waken ya sake daga fari, ya sake samun haka. Sai ya ji wani daɗi ya ratsa shi, irin daɗin mutumin da zarginsa ya tabbata.

Tukur dattijo ne, shekararsa goma sha biyar a kan wannan kwari. Boko bai iya ba, da ajami yake rubutunsa, kuma da jikinsa yake awo: idon sawu, gwiwa, ƙugu. Kowa na cewa mutumin kirki ne, wannan ma kaɗai ya isa Sodangi ya sa masa ido.

Ya je tasha ya sami wani direba, Ɗanjuma, yana wa motarsa faci. Ko gama tambaya bai yi ba Ɗanjuma ya ajiye abin da ke hannunsa.

"Malam, ai sai yau kunka farka? Gorar tana bisa tudu, kwarin yana can mil guda ƙasa. Rana ƙwal, sama babu ko gajimare, a ce maka ruwa ya ci hanya. Mu zauna tun safe har azahar. In an buɗe ka gangara, laka kawai kake iskewa. To wa ke sai da tuwo da fura gindin gorar nan? Hasiya, matar helma. Ran Asabar tukunya uku take ɗorawa."

Shi ke nan, magana ta haɗu. Ran Alhamis Sodangi ya zauna ya rubuta wa injiniya rahoto da Turancinsa mafi kyau, ya jera lambobi layi layi, ya ce rufewar Asabar ƙirƙira ce don cinikin abinci, a cire ta daga lissafi, a kuma duba batun helman. Ya ba motar wasiƙu da hannunsa. Da ya yi haƙuri kwana biyu da ba haka ba, amma haƙuri ba ya cikin halayen Sodangi, shi dai a ce ya gano abin da wasu suka kasa ganowa.

Abu ɗaya ya rage masa, ya kama mutumin dumu-dumu. Ya kwana a Shagari ran Juma'a, da hantsin Asabar ya hau kekensa.

Kwana shida rabon da a yi ruwa. Ga gora a gitte, ga motoci uku a tsaye, ga Hasiya tana kwasar tuwo fasinja sun yi mata zobe. Sodangi ya jingine keke yana murmushi. Tukur ya taso ya rusuna ya gaishe shi.

"Helma, ina ruwan?"

"Yana ƙasa, Malam."

"Mu tai in gani."

Ya zaci dattijon zai kawo wani uzuri. Tukur ya ɗauki sandarsa kawai ya shige gaba. Tun kafin su kai Sodangi ya fara jin ƙara, ya ce a ransa iska ce a cikin gero. Da suka sha kwana sai ga ruwa jajir yana tsallake hanya da gudu, faɗinsa ya kai taku arba'in. Tukur ya naɗe wando ya shiga, ruwan ya kai masa gwiwa, ya fito ya ciro 'yar takardarsa daga hula ya rubuta.

Kunya ta kama Sodangi, amma zargi bai sake shi ba, waje kawai ya sauya. Ya tsuguna bakin ruwan. Ga guntayen zana suna wucewa, ga turaku masu sabon sara, ga ɓaraguzan laka da shatin fartanya a jikinsu.

"Daga ina ruwan ga ya fito?"

"Allah ka kawo ruwa, Malam."

"Da turaku a ciki?"

Tukur ya mai da 'yar takardarsa cikin hula.

Sodangi ya tuɓe takalma ya kama bin rafin zuwa sama. Bai ce a biyo shi ba, amma yana jin takun dattijon a bayansa. Sun yi tafiyar kusan awa biyu cikin ƙaya da taɓo kafin fadama ta buɗe a gabansu, shinkafa kore shar, can gefe kuma fangalin irin albasa a jere. A tsakiyar rafin ga wata doguwar madatsa ta laka da zana da turaku, an fasa ta a tsakiya, sauran ruwa na tsiyaya ta wurin. Maza kamar ashirin suna ciki suna tara laka. Da suka ga baƙo da fensir a kunne sai aiki ya tsaya. Ba wanda ya yi masa sannu. Suka zuba wa Tukur ido, irin kallon da ake wa wanda ya kawo ɓarawo gida.

Tukur ya ja shi gindin wata tsamiya suka zauna.

"Nan Tungar Maniru ta, Malam, garin kakannina. In damina ta raba tsakiya muna ɗaure rafi, ruwa shi kwanta bisa shinkafa da irin albasa. In ya wuce kwana bakwai shuka ta ruɓe, su kuma na ƙasa su rasa nasu rabo. Tilas a sake shi. Amma ba a barin mutum guda shi fasa madatsa, an taɓa zub da jini kan haka. Sai kowa yana nan, na bisa da na ƙasa, a fasa gaban idon kowa. Yaushe kowa ke haɗuwa? In an taso masallacin Juma'a. Ruwan shi bi fadamun ƙasa, shi kwana hanya, da safe shi iso kwarina."

"Shekara biyar kana rubuta ruwa, ba ka taɓa rubuta daga inda yake zuwa ba."

"Ba a tambaye ni ba. Abin da na gani nake rubutawa, ban taɓa ƙara ko yatsa guda ba."

"To ai ka tsira. In rubuta wa injiniya gaskiya, a ɗora muku kwalbati a kwarinka."

Tukur ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Malam, kai ka san Turawan ga fiye da ni. Kwalbati sai siminti da wata shida. Fasa madatsa sai leburori goma da wuni guda, a aje ɗan doka shi hana a sake ɗaurawa. An yi wa wani gari haka can gaba da Shagari, bara waccan. Je ka gani ko akwai wanda ya saura."

Sodangi ya san garin. Shi ne ma ya rubuta takardar da aka aika da leburorin.

Sai a lokacin ya gaya wa Tukur cewa rahoto ya riga ya tafi, da abin da ke cikinsa, har batun tuwon Hasiya. Dattijon ya tsinci wani busasshen ɗan tsamiya yana murzawa a tsakanin yatsunsa.

"Ita ba ta san komai ba," in ji shi. "Ta ga mutane da yunwa ne ta dafa. To, bar shi hakanan. Gida sittin ke ci daga fadamar ga. Hassan mataimakina ɗan nan ne, in sun ba shi gorar ya san abin yi. Don Allah, Malam, kada ka gyara takardar nan."

Sodangi ya koma Bodinga. Sau uku yana ɗaukar alƙalami yana ajiyewa. Yana iya wanke mutum guda ya kashe gari, ko ya bar ƙaryar da ya rubuta da hannunsa ta tsaya. Duk wayonsa bai samo hanya ta uku ba, kuma abin ya ci shi ƙwarai.

Bayan kwana goma amsa ta zo. Injiniya ya yaba da aikin, ya ce irin binciken da ake so ke nan. Kwalbati ta tafi wajen Dingyadi. A cikin ambulan akwai takarda ta biyu, ta sallamar Tukur daga aiki, da umarnin a karanta masa ita gaban leburorinsa don ya zama darasi.

Aka tara su gindin gora, su goma sha ɗaya, ga direbobi biyu da suka tsaya kallo, ga Hasiya a tsaye bakin bukkarta da muciya a hannu. Sodangi ya buɗe takardar. Kalmominsa ne a ciki, Baturen bai sauya ko ɗaya ba. Ya fara fassarawa, da ya zo inda aka ce helma ya ci amana ya rufe hanya da ƙarya don matarsa ta yi ciniki, sai ya tsaya. Ya ɗago kai. Leburorin nan duk sun san gaskiya, kuma sun san ya sani, ba wanda ya motsa.

"Ƙarasa, Malam," in ji Tukur a hankali. "Mutane na jira."

Ya ƙarasa.