Tukunyar Wankan Mufida

Da Salmatu ta san ranar Alhamis ɗin nan mutanen Jibiya suka tsayar don yi wa gwamnati bore, da tun Laraba ta kama hanya. To wa zai gaya mata? Sati guda ke nan da aka datse layin waya a garin, wai don tsaro, ita kuma ba mai zaman hira a ƙofar gida ba ce. Labari ɗaya ne ya dame ta, wanda wani direba ya kawo mata jiya da la'asar: 'yarta Mufida da ke aure a Ɗan Isa, can tsallaken iyaka, ta sauka lafiya. Haihuwar fari, uwar miji ta rasu, gidan babu babbar mace ko ɗaya da za ta yi mata wankan jego.

Da sassafe ta yanko ganyen runhu a bayan gida, ta ɗaure shi dami, don ita ba ta yarda da wankan da ba a fyaɗa ruwan zafi da runhu ba. Ta ɗauko babbar tukunyar da aka yi mata nata wankan da ita, ta jefa muciya da ƙullin kanwa a ciki. A tasha babu mota, babu ɗan kabu-kabu ko ɗaya. Ta ja tsaki, ta aza tukunya a ka, ta nufi Magama, bakin iyaka, da ƙafa.

Ba ta yi nisa ba ta faɗa cikin taro. Maza da mata sun cika titi maƙil, kowa da reshen ɗanyen ganye a hannu, matan kuma da 'yan tukwanensu wayam suna ɗagawa sama, alamar gida babu abin dafawa. Ana ta ihu a kan tsadar gero, da layin waya, da samarin da aka kwashe ba a san inda suke ba. Sai ga dattijuwa ɗauke da tukunyar da ta fi ta kowa girma, da damin ganyen da ya fi na kowa kauri.

Wuri ya ɗauki kabbara. Aka dare mata hanya, aka sa ta gaba.

"Gwaggo Salmatu! Ashe ke ma kin hito!" In ji Kalilu, ɗan maƙwabciyarta, wanda ke riƙe da lasifika yana jan taron.

"Na hito ina? Kai Kalilu, ka kiyaye ni. Wankan jego za ni!"

Amma wa ke ji? Ta ɗaga runhu don ta kore su daga jikinta, suka ɗauka umarni ne, kowa ya ɗaga nasa. Ta ƙara sauri don ta rabu da su, suka ƙara sauri. Ta tsaya gyara gammo, dubban mutane suka ja birki suna jiran ta. Takaici ya ishe ta har ta rasa wanda za ta zaga. Ita da ko taron unguwa ba ta zuwa, yau ga ta tana jan gari guda a bayanta.

A Magama an gitta ƙarfe, an rufe iyaka tun asuba. Masu kaki sun yi sahu da bindigogi. Wani babba a cikinsu, mai tumbi da baƙin tabarau, ya yafito ta gefe.

"Hajiya, ke ce shugabarsu?"

"Shugabar wa? Yallaɓai, ɗiyata ta haihu a Ɗan Isa. Wagga tukunyar wanka ce, wanga runhu ne. Ko kai uwarka da shi ta yi wankanka."

Ta ɗan rusuna, ya leƙa tukunyar, ya ga muciya da kanwa. Ta ga alama ya gane gaskiya take faɗa, ranta ya ɗan yi sanyi. Sai ya kira wani mai ɗaukar hoto da waya.

"Abu mai sauƙi ne, Hajiya. Ki dubi nan ki ce wancan mai lasifikar ne ya yi hayarki, ya ba ki tukunya da ganye. Kina faɗa, ni da kaina zan ɗaga miki ƙarfe. Kafin azahar kina wurin jikarki."

Ta dubi hanyar Ɗan Isa, ga ta nan shimfiɗe, babu kowa a kanta. Ta tuna Mufida kwance ita kaɗai, ba mai ɗora mata ruwa, ba mai dama mata kunun kanwa. Sannan ta waiwaya ta dubi Kalilu. Yaron nan ya ɓata mata rai yau iyakar ɓatawa. Amma da wannan tukunyar da ke kanta aka yi wa uwarsa wankan jegonsa, ita ce ma ta hura wutar. Kuma ta san inda ake kai waɗanda aka nuna da yatsa, ko kuma a ce ba wanda ya sani.

"In ban hwaɗi ba hwa?"

"Sai ki jira har a buɗe. Gobe, wata mai zuwa, ban sani ba. Umarni daga sama yake."

"Ko saƙo ba ni iya yi mata, kun kashe waya."

Ya ɗaga kafaɗa.

Salmatu ta dubi runhun da ke hannunta. Rana ta riga ta dafa shi, ganyen ya langaɓe, gobe war haka sai dai a hura wuta da shi. Hawaye suka cika mata ido, na baƙin ciki tsantsa. Ta sauke tukunya a tsakiyar kwalta, ta zaro muciya, ta kife tukunyar.

"Ɗauki hoton," ta ce wa mai wayar. "Ka ce Salmatu ce, uwar Mufida. Ba wanda ya yi hayata. Ku kuka tare ni."

Ta ɗaga muciya ta maka wa gindin tukunyar da iyakar ƙarfinta. Ƙarar ta tashi, ƙananan tukwanen da ke bayanta suka amsa gaba ɗaya. Ta sake makawa, tana kuka, tana fatan iska ta kai ƙarar Ɗan Isa, ko Mufida ta san uwarta ta taho.