Duron Tibamanya

Ranar da labarin ya iso, Kabahenda tana tone ayabar da ta binne a rami don ta nuna. Wani ɗan acaɓa ya tsaya a bakin gona, ko mashin bai kashe ba, ya ce babbar mota ta take mijinta Tibamanya a hanyar Kagadi, yana ɗauke da jarkokin waragi, barasar ayaba.

Ana tashi daga makoki ƙaninsa Kaahwa ya turo baro, zai kwashe duro da bututun tagullar da mamacin yake dafa waragin da su.

"Matar yaya, me za ki yi da duro? Wanka?"

"Abin da yayanka yake yi. Da shi 'ya'yansa suke cin abinci."

"Ke da ko wuta bai taɓa bari kin hura masa ba?"

"Kai ma sha kawai ka iya. Sauke."

Ya sauke, ya ce ranar da ta ƙona duron zai dawo ya ɗauka.

Ta tattake ayaba da ciyawa a komi, ta zuba soyayyiyar dawa, ta jira ya yi tsami. A bakin rafi ta juye ruwan ayabar a duro, ta ɗora a wuta, ta bi da bututun ta cikin ruwan sanyi yadda ta saba gani. Sai dai ta cika wuta, abin ya fito gurɓatacce, yana ƙauri. Ta zubar, ta sake sabo da wuta kaɗan, ya ɗigo garau.

Tibamanya kan zubar da kofin farko a ƙasa, wai na kakanni ne. Ita kam ta ce kakanni sun sha ya ishe su, ta kai kofin baki. Tsohuwa Nyamaizi, da ke wanki a gefe, ta make mata hannu.

"'Yar nan, na farko makanta yake sawa. Mijinki ya laƙa wa kakanni ne don kada mashaya su yi masa gardama."

Kaahwa ya dawo da baronsa, ya ɗanɗana waragin, ya sake miƙo kofi.

"Tura baronka," in ji Kabahenda. "Ko ba duro, ya yi maka nauyi haka ma."

Har yau kullum da safe tana hura wuta a bakin rafi. Kofin farko kuwa ta kan hau da shi cikin ayaba, ta juye a kan kabarin Tibamanya, tunda shi ba abin da zai ƙara samun idonsa.