Warin Tukunyar Gaz

"Inna, hwaɗa min gaskiya, tun yaushe kike buɗe ta?"

"Ke Bushira, rage murya. Maƙwabciya Hasiya na bayan danga ta baza kunne."

Shatu ta gyara farin leshin da ta lulluɓe tukunyar gaz da shi, leshin da ko Sallah bai taɓa gani ba. Tun bara waccan ɗiyar tata ta kawo mata tukunyar daga Damagaram, inda take aikin shimi, wato awon sinadarai, a labo, ɗakin gwaji na matatar mai, wai don ta huta da hayaƙin kara. To har yau ko ruwan shayi ba a ɗora ba. Duk Dumega an san tukunyar na ƙuryar ɗaki kusa da gado, zaune kamar amarya. Abin da ba a sani ba, da la'asar in gida ya yi tsit, Shatu kan murɗa kan tukunyar kaɗan, ta duƙa ta shaƙa, ta maida. Yau Bushira ta iso hutu, ko jaka ba ta aje ba hancinta ya kai mata tsegumi.

"Wannan ba turare ba ne, Inna. Da gangan muke zuba warin nan, don in gaz na tsiyaya mutum ya ji ya gudu. Ke kin ji, kina matsowa! Ashana ɗaya ta ishe ki ke da gidan."

"Ku ke zuba shi?" Fuskar Shatu ta washe. "Ashe ban yi ƙarya ba. Na ce ma Hasiya da hannunki a ciki."

Ita dai Shatu, a warin nan, warin farar rigar aikin Bushira take ji, wadda ta taɓa wanke mata a hutun farko, ta shanya a gaban kowa.

"Akwai farmasi, gidan saida magani, nan kusa a Dogon Dutsi," in ji Shatu a hankali. "Su ma farar riga suke sawa. In can kike aiki, da magariba kina gida."

"Man da motar asibitin garin nan ke sha, sai mun auna shi yake fita. Aikina ke nan, kuma ina son shi."

"Ɗiyar Hasiya ƙosai take toyawa, amma kullum tuwonsu ɗaya."

Bushira ta share ido da gefen gyale. Sai ta duƙa ta rungumi tukunyar.

"Zan kai ta shagon Kawu Sallau. Kullum zan kira ki, wallahi."

"Waya ba ta da wari, ɗiyata."

Shatu ta kai hannu, amma leshin kaɗai ya biyo ta. Ta kai shi hanci tana jin tafiyar Bushira da tukunya a ƙirji, ba waiwaye. Daga waje ɗiyar ta sa ƙafa ta banko ƙyauren kwano, garam!