Faifan Sharfuddeen

"Ya sake tsayawa, Baba Haladu," in ji Sharfuddeen. "Daidai inda ya tsaya jiya."

Na leƙa talabijin ɗin. Mutumin cikin gem ɗin, wasan da yake bugawa, ya tura ƙofar wani gida, wata mata ta juyo za ta yi masa magana. Nan hoton ya daskare, ya farfashe kore da ja. Murya ta maƙale a rabin kalma, na'urar tana ƙirit-ƙirit kamar ɓera a kwali.

Bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da nasu a unguwar Sabo. Ni goro nake sayarwa, ban san komai game da gem ba. Shi kuwa shekararsa talatin da ɗaya, da sikila aka haife shi. Tun ranar da likita ya ce wa mahaifiyarsa, Inna Saude, ƙodarsa ta gaji, su koma gida, bai ƙara sauka daga katifa ba. Ya sa aka zaro masa tsohuwar na'urarsa daga ƙarƙashin gado. Sati uku yana bugawa da kumburarrun yatsu har ya kai ƙarshe. Bidiyon rufewa kaɗai ya rage, kuma a nan faifan ya karce.

Abin da ya fi ci mini rai, duk sanda hoton ya tsaya, sai ya sake yin faɗan ƙarshe daga farko. Minti ashirin, gumi na tsattsafo masa.

Mun goge faifan da gefen rigata. Mun shafa masa makilin, mun wanke, mun shanya a taga. Ƙanwarsa Mardiya ta miƙo wayarta.

"Yaya, ga shi fa a intanet, gaba ɗayansa."

Ya kau da kai. "Wannan na wani ne. Ni na kawo mutumin nan har bakin ƙofa."

Ranar Talata na rufe tebur, na naɗe faifan a hankici, na gangara unguwar Mokola. Shago huɗu na shiga. Wani Bayarabe ya ɗaga shi sama ya duba, ya yi dariya.

"Alhaji, ko si, babu. Wa yake sayar da irin wannan yanzu?"

Amma ya ji tausayina. Ya ɗora shi a wani ɗan inji, ya murza har ya yi sheƙi. Ya ce bai yi alkawari ba.

Na dawo da saurina. Sharfuddeen ya karɓi abin bugawar, ya zame daga hannunsa. Ya sake ɗauka, ya sake zamewa. Ya daɗe yana kallon yatsunsa.

"Baba, ku riƙe. Ni zan riƙa gaya muku."

Na zauna a bakin katifa, da furfurata.

"Hagu. Hagu, Baba! Ku danna na ƙasa. A'a, ɗayan."

Ko minti ɗaya ban yi ba aka kashe ni. Mardiya ta karɓa, ita ma haka. Na sake gwadawa har aka kira la'asar, muryarsa tana ƙara yin ƙasa. Inna Saude tana tsaye a bakin ƙofa da kofin kunu, ya huce a hannunta.

"Ku bar shi," ya ce. "An gode, wallahi. Kun ma fara iyawa."

Har yau ban sani ba ko gyaran ya yi.

Ranar Alhamis da hantsi ina jiƙa ganyen goro na ji salatin Mardiya ta bayan bango. Kafin azahar mun kai shi.

Da na dawo, na tarar Inna Saude ta fito da katifarsa tsakar gida, ta shimfiɗa a rana. Tsakiyarta ta lotsa daidai tsawonsa. Ta zauna a gefe a kan turmi, tana korar kaji kada su hau.